Jan Zanzaron Marwa

Tun da na dawo daga Marwa ban huta da tambaya ba. A ofis a tambaye ni, a tasha a tambaye ni, har a wurin gaisuwar mutuwa a Kwandiko wani ya matso ya raɗa mini wai da gaske ne burodin Kamaru ya kai tsawon sandar makiyayi. Damina biyu ke nan ina ba da amsa guntu-guntu, kuma akwai wani wuri ɗaya a labarin da kullum nake yi wa kwaskwarima. Na gaji da kwaskwarimar. Ga shi nan yadda ya faru, wanda ya karanta ya shafa mini lafiya.

Ni malamin gona ne a Birnin Kudu, amma asalina Zandam, ta ƙasar Gwaram. A can mahaifina da ƙanensa Baffa Ilu suka dasa mangwaro a bakin fadama tun kafin a haife ni. Layi biyu ne, na gabas Baffa ya dasa, na yamma mahaifina. Ina makaranta mahaifina ya rasu, lambun ya koma hannun Baffa, amma har gobe a gidanmu ba a cewa layin yamma, sai dai a ce itatuwan Yaya.

Shekara uku a jere mangwaron ya nuna gwanin sha'awa, ka fasa ka tarar da farar tsutsa tana motsi a ciki. Wani ɗan ƙuda ne mai ratsin rawaya yake huda fatar ya zuba ƙwai. 'Yan sarin Kano suka daina tsayawa. Na kawo maganin feshi daga ofis muka fesa, Baffa ya kwana biyu yana tari, ƙudan kuwa ya dawo abinsa. Ga fari ya biyo baya, hatsi ya yi wuya. Baffa ya kira ni ya ce itatuwan sun tare masa mafi kyawun ƙasarsa, iyali kuma ba inuwa za su ci ba, don haka zai sare su ya shuka masara. Bai faɗa da fushi ba. Ni ne na ji kamar an ce za a tone kabarin mahaifina.

A cikin kwanakin ne wata takarda ta zo ofishinmu, cewa a wata tashar binciken noma kusa da Marwa ta ƙasar Kamaru ana kiwon wasu ƙananan zanzaro da ke zuba ƙwai a cikin tsutsar wannan ƙuda su kashe ta. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, kowa a ofis maganar tarakta da siminti yake yi, ba mai ta ƙwaro. Na yi ta sintiri a ƙofar shugabanmu har ya sa hannu don ya rabu da ni. Ya haɗa ni da masinjanmu Kofur Audu, tsohon soja tun na zamanin Turawa, saboda yana jin Fulatanci da ɗan Faransanci na neman ruwa.

Na je Zandam na yi wa Baffa bayani ina tsammanin dariya. Sai ya ɗaga kai ya dubi bangon zaure, inda zanzaro ya yi gininsa na laka, ya ce ai wannan tsohuwar sana'arsa ce, ya ɗauko tsutsa ya rufe a ɗaki ta fito ɗansa. Ya ce ya ba ni wannan mangwaron da na baɗi. In tsutsa ta ci na baɗi, to, kada in ƙara buɗe baki.

Muka tashi a tsakiyar bazara, a babbar mota mai bodin katako. Ba mu kai Kari ba taya ta fashe, safayar ma ashe ba iska. Muka sauka gindin wata tsamiya mu wajen ashirin. Da rana ta take, sai wata tsohuwa ta fito da ƙaton kwano ta ajiye, kowa ya kwance guzurinsa ya juye. Mai dambu, mai rogo, mai ƙuli-ƙuli, har wani Alhaji mai goro da ya yi ta hura hanci tun daga Birnin Kudu ya kawo soyayyen nama. Maza muka kewaye kwanon, mata suka ɗebi nasu a wani. Ban san sunan ko mutum ɗaya ba, amma wannan ne abinci mafi daɗi da na ci a duk tafiyar. Ku riƙe wannan kwanon, zan dawo kansa.

Daga nan sai zafi da ƙura da munsharin Kofur. Mutumin nan da zarar mota ta tashi sai barci, da zarar ta tsaya sai labarin soja. Fataskum, Damaturu, duk ban ga komai ba sai ƙeyar wanda ke gabana.

A Maiduguri muka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da baƙi, kusa da tasha, Babarbare mai fara'a. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, suna yi suna ɗan tafa hannu a hankali, har sai da na rasa abin amsawa na koma cewa lafiya lau kawai. Ya ba mu burabusko da miyar bandar kifi, ya turara ɗakin har idona ya yi ruwa. Da ya ji abin da ya fito da mu sai ya tambayi Kofur a gefe ko ni mai magani ne. Kofur ya ce a'a, ma'aikacin gwamnati ne. Fatoma ya ce to, wannan ya fi ba shi tsoro.

Iyaka a Banki take, gari ɗaya an raba shi biyu da igiya mai tsummoki a rataye. Ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka sai jandarma ya nemi katin allurar rigakafi. Nawa yana nan. Na Kofur kuwa matarsa ta wanke shi tare da wando, ya zama kamar dunƙulen tuwo. Ya yi Faransancinsa, ya yi Fulatanci, ya ƙame ya sara, duk a banza, sai da aka sake tsira masa allura a damtse. Kafin a gama rana ta yi tsaka, suka ja ƙofa suka kulle. Ashe su can ko sarki ne ya zo, da tsakar rana ba a aiki. A wajenmu ma'aikaci yakan bar hularsa a kan tebur don a ce yanzu zai dawo. Su ko wannan karar ba sa yi. Muka zauna a inuwar bango har bayan azahar, Kofur yana riƙe da damtse yana tsine wa sabulu.

Marwa gari ne mai itatuwa, da kogi a tsakiya wanda ba komai cikinsa sai yashi, mata suna tono suna ɗibar ruwa. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne, a hammata ake saƙala shi ba ko takarda, kuma in ya kwana sai ka jiƙa. Kowace safiya kowa sai ya ba kowa hannu, maza da mata, ko da jiya kun rabu lafiya. Wannan duk na jure. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cin abinci. A tashar binciken suka zaunar da mu a dogon tebur, aka ajiye wa kowa farantinsa, da cokalinsa, da kofinsa, kamar masu gaba da juna. Kofur ya duba hagu ya duba dama, ya jawo farantina ya juye nasa a ciki, muka sa hannu. Mutanen teburin suka yi ta murmushi. Na ce a raina, ku yi dariyarku, mu ba a raba mu da kwano.

Wadda ke kula da zanzaron sunanta Madam Jenabu, Bafulatana ce siririya mai tabarau, tana jin Hausa irin ta 'yan kasuwa. Ban taɓa ganin mace mai ƙarancin magana da yawan aiki kamarta ba. Ta kai mu wani ɗaki mai sanyi cike da akwatunan raga, ta ba ni gilashin ƙara girma. Na zaci zan ga zanzaro irin na bangon Baffa. Ashe ba su fi sauro ba. Iri biyu ne. Akwai baƙi, ƙarami, mai sauri, shi tun ƙudan yana ƙwai a ƙarƙashin fatar mangwaro yake bi ya zuba nasa a ciki. Akwai ja, mai dogon tsinke a gindi, shi sai tsutsa ta girma ta nutsa cikin tsoka yake soka tsinken ya same ta. Ta tambaye ni yanayin ƙasarmu, na gaya mata. Ta ce baƙin ɗan laima ne, ba ta jin zai ƙetare raninmu, sai dai in gwada shi a bakin kogi. Jan ya fi juriya, kuma tsinkensa ne zai kai cikin mangwaro mai kauri irin na Baffa. In da rabo, a ja yake.

Kwana uku tana koya mini. Yadda zan shafa zuma a raga su lasa, yadda zan jiƙa tsumma in lulluɓe akwati, yadda tsutsa ke fita daga mangwaro ta faɗa yashin da ke ƙasa ta dunƙule kamar ƙwayar shinkafa. Ta ce iyayen ba za su daɗe ba, 'ya'yan da za su fito daga yashin nan su ne kayan da na zo ɗauka. Ta ce in mangwaron wani akwati ya lalace a hanya, in shiga kowace kasuwa in nemi mai tsutsa in sa musu. Ranar da za mu tafi ta ba mu akwati biyu, ɗaya da ɗigon jan fenti, ɗaya da baƙi, ta riƙe hannun akwatin ba ta saki ba.

"Malam Sabo, kada su haɗu. Kowa da akwatinsa, kowa da mangwaronsa."

Na ce ai na ga ba sa faɗa.

"Ba a waje suke faɗa ba," in ji ta. "Tsutsa ɗaya, ɗa ɗaya. Wanda ya riga shiga shi ke da ita. Na biyu ko ya zuba ƙwai, ba ya tashi. Baƙin kuma kullum shi ke riga shiga."

Na gyaɗa kai, har na rubuta a littafina. Amma gaskiyar magana, a cikin raina na ajiye zancen nan a wuri ɗaya da farantan teburinsu. Na ɗauka ɗabi'ar mutanen Faransa ce ta bi su har cikin ƙwari, komai sai an raba, kowa da nasa.

A dawowa jandarmomi ba su ko dubi akwatunan ba. Namu ne suka tsare mu. Wani ɗan kwastan mai tumbi ya karanta takardarmu sama da ƙasa, ya ce bai ga inda aka rubuta sauro ba. Kafin in yi magana ya ɗaga murfin jan akwatin ya leƙa. Kofur ya daka masa tsawa irin ta fareti, ɗan kwastan ya saki murfin don firgita. 'Yan kaɗan ne suka fita, ba su kai yatsun hannu ba. Ku da kuka ji labarin a bakina kun san a nan nake cewa jan zanzaro ya ƙare. Ba a nan ya ƙare ba.

Tun daga Marwa cikina ya ɓaci, ban sani ba ko ruwan ne ko man da suke girki da shi. Kafin mu bar Maiduguri na zama kamar tsumma. Muna gab da Damaturu direba ya taka burki saboda shanu, wani buhun bandar kifi ya gangaro daga sama ya faɗa kan jan akwatin. Gindin ya ɓalle, mangwaron ya dagargaje, yashin ya bi ramukan katako ya zube a titi muna tafe. Allah ya taimaka ragar ba ta yage ba, zanzaron suka maƙale a jikinta. Kofur ya cire rawaninsa ya naɗe gindin, ya rungume akwatin har tasha.

A tashar Damaturu muka zauna a inuwar wata rumfa muna duban ɓarna. Jajayen suna nan da ransu, da yawansu, amma ba su da inda za su zuba ƙwai. Kasuwa tana tsallaken titi, ina hango masu mangwaro daga inda nake. Abin da ya kamata in yi a rubuce yake a aljihuna. Sai dai rana ta take, ga ciwo, direba yana ta hura ƙaho. Kuma, in faɗi gaskiya duka, ina sanye da babbar rigata, na hango kaina ina bin mata layi-layi ina tambayar wa ke da ruɓaɓɓen mangwaro mai tsutsa, sai na ji ba zan iya ba.

Kofur ya dubi baƙin akwatin, mangwaro cike, lafiya lau. Ya ce, "Malam, kwanonsu ne ya kife, kuma a hanya muke. Ga na 'yan'uwansu a cike."

Ban ɗora masa laifi ba, abin da ke raina ya faɗa. Na tuna kwanon gindin tsamiya, na tuna farantan Marwa. Da hannuna na buɗe ƙofar baƙin akwatin, na kara bakin jan, na karkaɗe su ciki. Nan da nan jajayen suka sauka kan mangwaron, suka fara soka tsinkensu. Baƙaƙen suna yawo a gefensu, ba wanda ya taɓa wani. Har na yi dariya, dariyar farko cikin kwana huɗu, na ce wa Kofur da Madam za ta ga wannan da ta koyi zaman duniya. Muka jefar da fasasshen akwatin, kaya ya ragu, na yi barci har Fataskum.

A zauren Baffa na ajiye akwatin, ƙarƙashin ginin zanzaron nan na bango. Na ɗauki hutu na tare a Zandam. Kullum in jiƙa tsumma, in shafa zuma. Iyayen suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka gaya mini, tsutsa ta sauka yashi. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, wasu su yi addu'a, wasu su fita su yi dariya a waje. Baffa kuwa na lura ya daina zuwa majalisa, kullum yana zaure a kan buzunsa.

Wajen sati uku, da hantsi, na ga abu yana motsi a jikin raga. Na ɗauko gilashin da Madam ta ba ni. Baƙi ne. Na biyu baƙi. Kafin azahar ragar ta cika, na bi su ɗaya-ɗaya har idona ya yi zafi. Baffa idonsa ya yi rauni, ba ya ganinsu, sai ya tambaye ni ja nawa ne. Na ce tukuna. Washegari ya sake tambaya, na ce tukuna. A rana ta biyar na zazzage yashin a faranti na tona da tsinke, ba sauran ko ɗaya da bai fashe ba. Duk ƙwan da jajayen nan suka zuba a Damaturu, a ɗakin da wani ya riga shiga suka zuba.

A ranar na ƙirƙiro labarin ɗan kwastan. Na ce ya buɗe akwati jajayen suka tashi, 'yan da suka rage ba su da ƙarfi. Baffa ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kofur da ya ji abin da nake faɗa a ofis ya dube ni sau ɗaya, bai taɓa tona ni ba.

Muka saki baƙaƙen a lambu. Da damina nakan gan su jifa-jifa a kan gwaibar maƙwabta. Da rani ya shigo suka ɓace, kamar yadda Madam ta yi tsammani. Na koma wurin shugabanmu neman tafiya ta biyu, ya ce in tafi da wa, in ɗauko me, an riga an yi mini gata sau ɗaya. Bazara ta zagayo, mangwaro ya nuna, na tsinko na farko a layin yamma na fasa da babban yatsa. Ban ma kai shi gida ba.

Baffa ya cika alkawarinsa har da ƙari, sai da aka gama kakar mangwaron kaf sannan ya aiko mini. Na zo na same shi a zaure da safe yana wasa gatari. Na zauna, muka gaisa, sai kawai na ji bakina yana ba shi labarin Damaturu, da buhun kifi, da kasuwar da ke tsallaken titi, da babbar rigata. Bai daina wasa gatarin ba har na gama. Sannan ya miƙa hannu ya ɓanɓaro tsohon ginin zanzaron daga bango, ya juya mini cikinsa. Ɗakuna ne ƙanana a jere, kowanne da katangar laka tsakaninsa da na kusa.

"A zauren nan ka girma, Sabo," in ji shi. "Ka taɓa ganin ya sa biyu a ɗaki ɗaya?"

Na ce ban taɓa dubawa ba.

Ya ce ya sani. Ya ajiye lakar a kan buzu, ya gwada kaifin gatarin da babban yatsa, ya miƙo mini ta wajen ƙota.

"Na gabas ni zan sare, ni na dasa. Na Yaya ba zan iya ba. Kai ne ɗansa."

Kwana shida na yi a layin yamma. Itacen mangwaro ba shi da taurin kirki, amma hannun malamin ofis ne, tun ranar farko ya yi bororo ya fashe. Masarar da aka shuka a wurin ta yi kyau, iyalin Baffa sun ci, har an aiko mini da buhu guda Birnin Kudu. Yana nan a ɗaki, matata ta tambaye ni sau biyu yaushe za a kai niƙa, na ce ta bari tukuna.